Yadda Ake Jan Yaƙi Ya Daɗe a Civilization VI Ba Tare da Duniya Ta Juya Maka Baya Ba

Lokacin da na fara buga Civilization VI, wasan kwamfuta na gina daula da ake bugawa zagaye-zagaye, da zarar na shelanta yaƙi buri ɗaya ne a raina: in isa babban birnin maƙwabcina in kafa tuta. Ina kuwa isa. Amma kafin a yi zagaye ashirin sai in tarar duk sarakunan da ke taswira sun yi tir da ni, ba mai sayen hauren giwana ko gishirina da daraja, biranen da na ci suna tawaye ɗaya bayan ɗaya, nawa na gida kuma suna ƙunci. Na sha ɓata daula mai kyau ta wannan hanya kafin in lura da abin da wasan yake hukuntawa da abin da yake kawar wa ido. Wasan yana hukunta mai cin birane da mai yawan gumurzu. Wanda ya zauna cikin halin yaƙi kawai, yana kwasar ganima a gefe, yana ƙin sulhu cikin natsuwa, kusan ba abin da ake caje shi. A wannan tazarar duk dabarar take.

Bayanin da ke tafe ya shafi wasan da kamfanin Firaxis ya fitar a 2016 tare da ƙarinsa guda biyu, Rise and Fall na 2018 da Gathering Storm na 2019. Lissafin zagaye kuma na matsakaicin gudu ne, wato wasa mai zagaye 500. In kana buga mai sauri ko mai tsawo, adadin zai ragu ko ya ƙaru daidai da gudun. Sannan a kan buga wasan da kwamfuta nake magana. In da abokanka kuke bugawa ta intanet, mai da mutum saniyar tatsa na tsawon awa uku yana iya ɓata zumunci, kuma ban ga wasan da ya kai wannan ba.

Ma'auni uku da za ka riƙa dubawa

Na farko shi ne ƙullaci, wato makin laifin da wata daula take riƙe da shi a kanka. Yaƙin ba-zata yana jawo maka 150, yaƙin da aka yi sanarwarsa 100, yin tir da sarki 25. Cin birni yana ƙarawa, rushe birni kuma ya ninka wannan sau uku. Sauran sarakuna suna kallon wannan lissafi suna auna ka da shi. A lokacin zaman lafiya ƙullaci yana narkewa a hankali, da sauri a zamanin farko, a hankali a zamunan baya. Muddin ana yaƙi kuwa yana nan daram. Don haka mai niyyar yaƙin zagaye tamanin dole ya kula da ƙofar da ya shiga, domin adadin da ya ɗauka a ranar farko shi zai yi ta goyo har ranar sulhu.

Na biyu gajiyar yaƙi. Mutane da yawa sun ɗauka tana taruwa ne saboda daɗewar yaƙin. A gaskiya daga arangama take zuwa. Kowace karawa tana ƙara maki, karawa a ƙasar waje ta ninka ta gida, mutuwar sojanka kuma ta fi komai nauyi. Duk maki 400 na cire walwala ɗaya daga biranenka. Abin da ya fi daɗi shi ne ko ana cikin yaƙi makin yana raguwa da 50 a kowane zagaye, in an yi sulhu kuma da 200. Ma'ana, yaƙin da ba a gwabzawa a cikinsa kullum yana iya kaiwa ƙarshen wasa jama'arka ba su ko yi tsaki ba.

Na uku biyayyar birane. Wannan za mu dawo kanta, domin ita ce za ta kawo maka garuruwa ba tare da ka ɗauki laifin cinsu ba.

Mataki na farko: toshe ƙofar baya

Kafin ka ɗaga takobi, ka tabbatar ba wanda zai sare ka ta baya. Duk sarkin da ka haɗu da shi, aika masa tawagar gaisuwa a wannan zagayen, zinariya 25 ce kacal, kuma a ranar haɗuwa ake fi karɓa. Buɗe hanyar fatauci da shi, sayar masa da kayan alatun da kake da biyu. Da zarar fuskarsa ta nuna fara'a, nemi shelar abota. Abota tana ɗaukar zagaye 30, kuma cikin wannan wa'adi aboki ba ya yin tir da kai, ba ya kuma kawo maka hari haka kawai.

Ka rubuta zagayen da kowace abota za ta ƙare, ko a takarda ne, ka sabunta ta a ranar. Na ga amfanin wannan sau da dama: sarkin da zai sa hannu nan take a ranar ƙarewa, in ka bari zagaye biyu suka wuce sai ya tuna da ƙullacin da wani yake riƙe da shi a kanka ya ƙi. Gilgamesh na Sumer shi ya fi kowa sauƙi, sau da yawa yana karɓar abota tun haɗuwar farko. Iskandar na Makidoniya yana ƙaunar duk mai yaƙi da wani ba shi ba, saboda haka dogon yaƙinka ƙara maka daraja yake a idonsa. Tomiris ta Sitiya kuwa ba ta yafe wa mai yaƙin ba-zata.

Idan ka kai ga ilimin mulkin da wasan ya kira Civil Service, abota tana iya zama ƙawance. Ƙawancen soja yana ba ka ƙarin ƙarfi 5 a kan maƙiyin da kuke yaƙa tare. Sai dai ka sani, in aka kai wa ƙawanka hari za a ja ka cikin yaƙin da ba ka shirya ba. Kada ka ƙulla da sarkin da ke zagaye da maƙiya.

Mataki na biyu: zaɓen wanda za a tatsa

Ba kowane maƙwabci ya dace ba. Kana son mai ƙasa shimfiɗaɗɗiya da doki zai ratsa, mai yawan ma'adinai da gonaki, mai gina makarantu da kasuwanni a gefen gari inda kibiyar ganuwa ba ta cika kaiwa ba, kuma wanda ka ɗan fi shi ƙarfi. Matalaucin maƙwabci ba abin da za ka samu a wurinsa sai ɓata lokaci.

Akwai waɗanda zan ce ka ƙyale. Gandi na Indiya yana ninka gajiyar yaƙi ga duk wanda ya kara da shi, dogon yaƙi da shi kashe kai ne. Gorgo ta Girka ba ta ba da komai a teburin sulhu, ko ka bar ta da birni ɗaya. Kanada ba a iya kai mata yaƙin ba-zata sam. Jon Katin na Ostareliya kuma yana samun ninkin ƙarfin aiki na wani lokaci da zarar an shelanta masa yaƙi, sai ka ga ganuwa ta tashi a gabanka kamar da tsafi.

Mataki na uku: ƙofar da za ka shiga

Mafi kyawun yaƙi shi ne wanda aka kawo maka. In shi ya shelanta, ƙullacin yana kansa, kai ne aka zalunta a idon duniya, kuma kana da rarar da za ka kashe daga baya in ka ci wani ƙaramin gari. Ƙari a kan haka, shelanta maka yaƙi yana gaggauta maka ilimin Defensive Tactics. Kwamfuta tana yanke shawarar kai hari ne ta hanyar auna yawan sojanka da nata. Ba ta lissafa zinariyar da ke baitulmalinka a matsayin runduna. Saboda haka ka tara kuɗi, ka bar tsofaffin sojoji ba tare da ka sabunta makamansu ba, ka kafa gari dab da iyakarsa, ka tura masu wa'azi cikin biranensa. Ranar da ya faɗo, sai ka sabunta rundunar gaba ɗaya ka sayi ƙari.

Babu daular da wannan ya dace da ita kamar Mali ta Mansa Musa. Ƙarfin aikinta wajen gine-gine da horar da soja yana da naƙasun kashi 30 cikin ɗari, amma kowane ramin ma'adini yana ba ta ƙarin zinariya 4, kasuwarta ta Suguba kuma tana rage kashi 20 na farashin duk abin da aka saya a birnin. A idon maƙwabci kullum Mali raunanniya ce, alhali rundunarta na kwance a cikin jaka.

In ya ƙi tsokanuwa, to ka yi tir da shi, ka jira zagaye 5, sannan ka shelanta yaƙin sanarwa. Wannan haƙurin na zagaye biyar yana rage maka ƙullacin shela da 50 a kan na ba-zata, ko da yake tir ɗin kansa yana jawo 25, kuma gajiyar da kowace karawa za ta kawo ta fi sauƙi tun daga zamani na biyu. Tir ɗin yana aiki na zagaye 30, ba dole ba ne ka afka a rana ta biyar.

Sai hujjojin yaƙi, waɗanda su ne ainihin makaman diflomasiyyar wasan. Yaƙin kare ƙaramin birni: in ya taɓa ɗaya daga cikin 'yantattun biranen da kake ubangidansu, shelarka ba ta da laifi ko kaɗan. Yaƙin ƙwato gida: in yana riƙe da garin da kai ka kafa. Yaƙin 'yantarwa: in yana riƙe da garin abokinka ko ƙawanka. Yaƙin addini: in ya juya addinin wani birninka, laifin rabi ne. Daga baya akwai na mulkin mallaka da ke buɗewa da Nationalism, ga wanda ka yi wa nisa da zamani biyu, da na faɗaɗa ƙasa da ke zuwa da Mobilization. Amfani da hujja ko sau ɗaya yana gaggauta maka Nationalism ɗin kansa.

Ga wata dabara da na daɗe ina amfani da ita. In a farkon wasa ya ƙwace maka wani ƙaramin gari marar amfani a bakin iyaka, kada ka yi gaggawar karɓowa. Muddin garin na hannunsa kana da hujjar ƙwato gida a aljihu, duk lokacin da kake son sabon yaƙi sai ka zaro ta. Haka nan ƙaramin birnin da ke maƙale a jikin ƙasarsa: zuba masa jakadu har ka zama ubangida. Ana buƙatar aƙalla uku kuma ka fi kowa yawa, gwamna Amani ita kaɗai tana tsayawa a madadin biyu. Kwamfuta ba ta iya haƙuri da irin waɗannan birane, ba daɗe ba jima sai ta kai musu hari, kai kuma ka samu ƙofa a buɗe.

Abu na ƙarshe kafin shela: yaƙi yana soke duk cinikin da ke gudana tsakaninku. Kada ka bar fataken da ke kan hanyar ƙasarsa su salwanta, kuma kada ka sa ran zinariyar da yake biyanka kowane zagaye za ta ci gaba.

Mataki na huɗu: zama cikin yaƙin

A nan ake samun riba, a nan kuma ake yin asara in hannu ya yi ƙaiƙayi. Ƙa'idar ita ce: a gida ake karawa, a waje ake kwasa.

Ka ja layin tsaro a cikin iyakarka, a kan tudu ko bayan kogi, maharba a baya, masu mashi a gaba, birni mai ganuwa a kusa. Kwamfuta za ta yi ta turo sojoji ɗai-ɗai suna mutuwa a gindin ganuwarka. Gajiyar da kake ɗauka kaɗan ce tunda a ƙasarka ake yi, tasa kuwa ninki ce, ga nauyin mutuwar sojoji. Sojojinka suna samun ƙwarewa da ƙarin girma, abin da faɗa da 'yan fashin daji ba ya bayarwa bayan matakin farko. Duk sojan da jininsa ya yi ƙasa da rabi, janye shi ya warke. Soja ɗaya mai girma huɗu ya fi sababbi uku, kuma mutuwarsa hasara biyu ce.

Rundunar kwasa kuwa barade ne marasa sulke, uku zuwa huɗu sun isa. Wawashe gona ko ma'adini ba arangama ba ce, saboda haka ba ya kawo gajiya, ba ya kuma ƙara ƙullaci. Ramin ma'adini da kasuwa da tashar jiragen ruwa suna ba da zinariya, unguwar makarantu tana ba da kimiyya, dandalin wasan kwaikwayo al'adu, wurin ibada kuma imani. Gona tana warkar da sojan da ya wawashe ta, don haka kada ka taɓa gonaki da farko, ka bar su a matsayin asibiti. A Gathering Storm yawan ganimar yana ƙaruwa yayin da wasa ke ci gaba. Ka sa katin Raid a gurbin manufofin soja don ƙarin ganima, daga baya ka maye shi da Total War. Kuma ka nema wa kowane barde girman da ake kira Depredation, wanda ke mai da kuɗin wawaso taku ɗaya maimakon uku. Da shi doki ɗaya zai shiga, ya kwashe wuri biyu, ya fice kafin a harbe shi.

Bari in nuna yadda abin yake a aikace. A wani wasa ina riƙe da Mali, Tarajan na Rum yana yamma da ni, shi ya kawo mini hari a tsakiyar zamani na uku bayan na kafa gari kusa da dutsensa. Wani birninsa yana da ramukan ma'adini uku a jere a kan tuddai, da unguwar makarantu a jikin dutse, duka gurbi uku na taswira daga tsakiyar gari. Ganuwa kuwa gurbi biyu kibiyarta ke kaiwa. Na ajiye barade biyu a cikin kurmi bayan tuddan. Sukan fito su kwashe ramukan uku da makarantar cikin zagaye biyu, su koma kurmi. Bayan 'yan zagaye sai ga magininsa ya fito yana gyara ramukan ɗaya bayan ɗaya. Na farko da na gan shi hannuna ya kai ga kama shi, domin magini kyauta ba abin rainawa ba ne. Na fasa. Wannan maginin shi ne yake sake cika mini ƙwarya. Na bar shi ya gama, na dawo na kwashe, ya sake gyarawa. Makarantar kuma birnin da kansa yake gyara ta da ƙarfin aikinsa, wato duk zagayen da ya ɓata a gyara, bai horar da soja ba, bai gina abin al'ajabi ba. A gida kuma 'yan lifidin Mali, Mandekalu, suna tsaye a bakin kogi, kowane sojan Rum da suka kashe yana zubo zinariya daidai da ƙarfinsa. Yaƙin ya haura zagaye sittin ban ci gari ko ɗaya ba, kuma abokaina uku ba wanda ya ƙi sabunta abota.

Ka kiyayi sansanin sojansa, shi ma yana harbi kamar ganuwa in birnin na da ita. Ka kuma guji jarabar yi wa birni ruwan kibau don neman ƙwarewa. Ana samu, amma kowane harbi karawa ce a ƙasar waje, makin gajiya na hawa da sauri. In za ka yi, yi na 'yan zagaye ka tsaya, ka bar ragin 50 ɗin nan ya yi aikinsa. Riƙa buɗe shafin birni kana duba walwala. Da ka ga ta fara sauka, tsayar da duk wani hari na waje, ka sayi kayan alatu a wurin abokai. A zamunan baya katin Propaganda yana rage gajiya da kashi 25, Defense of the Motherland kuma yana shafe ta gaba ɗaya ga faɗan da aka yi a ƙasarka.

Halin yaƙi yana da wasu fa'idoji da ba a cika lura da su ba. Ba ka buƙatar izinin ratsa iyakarsa. Sojanka yana iya kawar da masu wa'azinsa in ya taka gurbinsu, abin da ba ya yiwuwa a zaman lafiya, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin riƙe yaƙi da mai neman nasarar addini. Fatakensa ganima ne. Ayarin da ya fito kafa sabon gari kuma, wannan kam ka kama shi.

Mataki na biyar: ƙin sulhu, da ƙara masa maƙiya

Zagaye 10 na farko ba a iya sulhu ko ana so. Bayan nan zai fara aiko da tayi. Ba wani hukunci a kan ƙi, danna a'a ka ci gaba da harkarka. Za ka lura tayin yana ƙara kauri gwargwadon yadda rundunarsa ke ƙarewa: da farko sulhu tsura, sai zinariya, sai kayan alatu, wani lokaci har gari.

Matsalar dogon yaƙi ita ce in aka bar shi da kai kaɗai, zai iya tara runduna guda ya fasa layinka. Maganin wannan a teburin ciniki yake. Tun daga ilimin Foreign Trade ana iya ƙulla yaƙin haɗin gwiwa, kuma kana iya gayyatar wani sarki ya shigo yaƙin da ake ciki. Nemi wanda yake ɗaya gefen ƙasarsa kuma dama ba sa ga maciji. Sau da yawa kayan alatu ɗaya ko 'yar zinariya ta isa. Riba biyu ce: rundunar maƙiyi ta rabu, shi kuma wanda ya shigo ya zama abokin tafiya, ba zai tsaya yana ƙirga laifinka ba. In Gilgamesh ne ƙawanka, sojojinku da ke tsakanin gurbi biyar da juna suna raba ganima da ƙwarewa. Sai dai ka sa ido, kada wanda ka gayyato ya fi ƙarfin aikin ya cinye saniyar gaba ɗaya. Mai matsakaicin ƙarfi ake gayyata.

'Yantattun birane suna bin ubangidansu cikin yaƙi kai tsaye. Kowane wanda ka ƙwace daga hannunsa ta hanyar jakadu, ya juya daga maƙiyinka ya koma maƙiyinsa a zagaye guda. Kana kuma iya hayar rundunar birnin na zagaye 30 da zinariya, ka tura su gaba su tare hanya.

Sai Majalisar Duniya, wadda take fara zama a zamani na uku. In maƙiyinka ya ci birnin wani ko ya haɗiye ƙaramin birni, ana iya kiran zaman gaggawa a kansa. Ka ajiye makin tagomashi, wato makin diflomasiyya da ake sayen ƙuri'a da shi, don irin wannan rana, ka zuba ƙuri'a gangamin ya wuce. Duk wanda ya shiga ya zama yana yaƙi da shi na tsawon wa'adin gangamin, galibi zagaye 30, kai kuma yaƙinka ya samu rigar halacci. Wannan takobin kaifi biyu gare shi. Ranar da kai ka ci birnin wani, a kanka za a kira zaman. Riƙe asalin babban birnin wata daula kuma yana zaftare maka tagomashi 5 a kowane zagaye har ƙarshen wasa. Shi ya sa nake cewa a bar masa fadarsa.

Mataki na shida: garuruwan da ke faɗowa da kansu

Birnin da aka ƙona wa gonaki yana yunwa, wanda aka lalata wa kayan alatu yana ƙunci, kuma yunwa da ƙunci duk suna cin biyayya. Jama'arsa na raguwa, naka biranen na kusa suna girma suna matsa masa lamba. In ya faɗa zamanin duhu kai kana na zinariya, abin ya ƙara sauri. Idan ka zaɓi garin da kake so, sai ka sauya salo a kansa: yanzu ka ƙone gonakin, ka kama maginin, kada ka bari a gyara komai. In kana da ɗan leƙen asiri, tura shi ya kawar da gwamnan garin ko ya hura wutar tawaye.

Biyayya na kaiwa sifili garin zai ɓalle ya zama mai zaman kansa. Cin irin wannan gari ba ya jawo ƙullacin kowa, kuma in matsin jama'arka ya fi na kowa, da kansa zai nemi shiga daularka. Bambancinsa da garin da aka ci da takobi babba ne. Wanda aka ci ana cikin yaƙi yana zama a matsayin mamayayye, ba ya girma, biyayyarsa na tangal-tangal sai an ajiye soja a ciki, har sai mai shi ya sallama shi a takardar sulhu. Ga mai dogon yaƙi wannan kaya ne a ka. In dole ta sa ka ci wani gari, duba ko asalinsa na wani ne: mayar da shi ga mai shi yana wanke maka suna sosai.

Lokacin da za a karɓi sulhu

Akwai alamu da nake bi. In walwala ta ƙi dawowa duk da na tsayar da hari. In ya daina gyara abin da aka lalata, wato ƙwaryar ta bushe. In wata babbar daula ta fara tara soja a wata iyakar tawa. Ko kuma in nasarar al'adu nake nema, domin masu yawon buɗe ido suna ƙaruwa ne da buɗaɗɗiyar iyaka da hanyar fatauci, yaƙi kuma yana toshe duka biyun.

A teburin, fara neman zinariya dunƙule, duk abin da ke baitulmalinsa, kafin ka waiwayi ta kowane zagaye. Dalili shi ne biyan zagaye-zagaye yana ɗaukar zagaye 30, kuma yana yankewa ranar da yaƙi ya dawo. In akwai garin da ka mamaye kana son riƙewa, tabbatar an rubuta sallamawarsa a cikin yarjejeniyar. Makin tagomashi da manyan ayyukan fasaha su ma ana nema, wani lokaci yana bayarwa.

Sulhu yana ɗaure ku na zagaye 10. Gajiyar jama'arka za ta zube da yawa nan take, sauran ta bi da 200 a kowane zagaye, ƙullaci kuma ya fara narkewa. Shi kuwa zai fito da magina ya gyara ramuka da makarantu da kasuwanni. In kana da niyyar komawa, yi tir da shi da wuri yadda zagaye biyar ɗin jira za su shige cikin goman, sabunta abotarka da sauran sarakuna, ka mayar da baraden kurmin da suka saba, a wajen iyakarsa. In ka ɗauki biyan zagaye-zagaye mai kauri, lissafa tukuna: wani lokaci jiran zagaye 30 ɗin ya cika ya fi ganimar da za ka kwasa a cikinsu, musamman in ƙasar tasa ba ta gama farfaɗowa ba. A wasan nan na Mali na jira talatin ɗin cif, na karɓi kuɗin Tarajan har ƙwandala ta ƙarshe, kuma kafin wa'adin ya cika ya sake kai wa wani ƙaramin birni da nake ubangidansa hari, sai na koma da hujjar kariya ba tare da ƙullaci ko ɗaya ba.